Baba Marini da Furensa Mara Lafiya

Kullum da safe, kafin ya buɗe ɗakin gwaji, kafin ma ya sa farar rigar aiki, Baba Marini yakan zagaya bayan ginin tashar binciken amfanin gona ya duba majinyacinsa. Majinyacin nan ba mutum ba ne. Wani ɗan fure ne a tukunyar ƙasa, a cikin kejin raga mai ƙananan idanu wadda ko sauro ba ya ratsawa. Ganyensa ƙanana ne, rawaya-rawaya, a cunkushe wuri guda. Furen da ya kamata ya fito fari tas, kore yake fitowa kamar ganye. Duk wanda ya gan shi zai ce a tuge a yar. Shi kuwa Baba sai ya tsuguna, ya taɓa ƙasar da bayan yatsa, ya zuba ruwa daidai bukata, ya bi ragar da ido ko ta yage a wani wuri, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

Daga nan sai ciki. Ya wanke hannu, ya buɗe firji ya duba wata 'yar kwalba da ya naɗe da baƙin ƙyalle don kada haske ya taɓa ta. Ya jera ganyayen da manoma suka kawo. Ya ɗauki reza sabuwa ya riƙa yankar jijiyar ganye siriri-siriri, har yankan ya fi fatar albasa rashin kauri, kuma hannunsa ba ya rawa duk da furfurar da ta cika masa kai. In ya gama ya ɗiga musu abin da ke cikin kwalbar, ya shiga wani ɗan ɗaki mara taga, ya ja ƙofa.

Wannan kwalbar ce ta jawo masa sunan Marini, ko da yake bai taɓa rina ko hankici ba. Rininsa a ido kamar ruwa yake. Aikinsa ɗaya ne: duk inda ya tarar da DNA, wato sinadarin gadon nan da muke jin sunansa in ana gardamar waye uban wane, sai ya manne masa. In aka sa yankan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka kunna masa wata fitila ta musamman, wurin da rinin ya manne sai ya yi haske shuɗi. Akwai wata cuta da ke kama shuka, ƙwayarta ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ta zama ko'ina sai cikin siraran bututun da ke kai abinci daga ganye zuwa sauran jikin shukar. A shuka mai lafiya, cikin bututun nan duhu ne. In ka ga haske a ciki, to wani baƙo ya shiga. Wannan shi ne aikin Baba shekara da shekaru: ya zauna a duhu ya raba haske na gaskiya da na ƙarya.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba na jin za a sa hotonsa a jarida, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, yarinyata tana barci a gefena.

Na tambayi mutanen da suka daɗe tare da shi. Iya mai shara, wadda ta ce tun gashinsa yana baƙi take share masa ɗaki, dariya ta fara yi.

"Wai Marini? Ai mutumin nan ɗan autansa yana cikin keji. Furen nan da kike gani ba shi ne na farko ba. In ya ga ya kusa mutuwa, sai ya yanki reshe ya yi masa aure da wani lafiyayye, don ciwon ya koma can. Na ce masa, Marini, ni dai ban taɓa ganin waliyyi irinka ba, ka ɗauki lafiyayye da ransa ka haɗa shi da majinyaci da gangan. Ya ce, Iya, ki yi shararki."

Matar Baba ma ta ba ni nata. Ta ce lokacin da suka yi tafiya duba 'yarsu da ta haihu, ya ɗauki jikan ya yi masa addu'a, ya yi murna iya murna, amma ko zama bai gama yi ba ya fita waje da waya yana tambayar Iya ko ta ba furen ruwa. "Ni na daina fushi," in ji ta. "Na san ba furen yake so ba. Wani abu ne yake tsoro."

Dakta, shugabar ɗakin gwajin, ita ta fayyace mini abin da yake tsoro. Ta ce rinin nan abin dogaro ne, amma sai a hannun wanda ba ya yarda da shi ido rufe. Shuka da kanta tana da nata hasken. Ko ba a ɗiga mata komai ba, in fitilar ta haska ta, koren ganye ja yake komawa, jijiyoyi masu tauri kuma su yi shuɗi-shuɗi, har wanda bai saba ba ya ɗauka cuta ya gani. Saboda haka Baba ba ya taɓa duba ganyen manomi shi kaɗai. Yakan fara da yankan da ba a rina ba, don ya ga hasken da shukar ta zo da shi daga gida. Sannan ya duba na manomin. Sannan ya yanko daga jikin majinyacinsa, wanda ya san tabbas cutar tana ciki, ya rina shi da rini ɗaya a rana ɗaya. Dakta ta ce, "Duk sakamakon da Baba ya kawo mini, hankalina kwance nake sa hannu, don yana faɗin abin da ya gani, kuma yana faɗin inda ganinsa ya tsaya. Kullum sai ya tuna mana cewa rini ya san DNA, amma bai san sunan mai shi ba."

Ni kuwa ba ji na yi ba, a kaina abin ya faru.

Muna da gonar gwanda a bayan gida. Ba babba ba ce, amma ita ce ke riƙe da mu. Baban yara direban babbar mota ne, yana iya yin makonni bai kwana gida ba, don haka gonar a hannuna take, ni da yara biyu, babban yana makaranta, ƙaramar tana goye. A bara na raini sabon dashe a ledoji, na jera su fage-fage, da niyyar in damina ta zauna in dasa su a tsakanin manyan bishiyoyin da ke ba mu 'ya'ya. Sai na lura waɗanda ke fagen jikin shinge kansu yana tsukewa, sabon ganyen yana fitowa ƙarami, launinsa ya koɗe. Ba su da yawa. Malamin gona ya duba ya ce zai iya zama ruwa ne ya yi musu yawa, zai kuma iya zama cutar nan da wasu ƙananan ƙwari ke ɗauka daga shuka zuwa shuka. In ita ce, na kuma dasa su a cikin manyan, to na kai wa gonar ajalinta da hannuna. Ya ce in kai ganyen tashar bincike.

Na kai a cikin jiƙaƙƙen zane. Baba ya karɓa, ya tambaye ni daga wane fage kowanne ya fito, ya ware su, ya ce in dawo jibi. Da na dawo ya dube ni, ya dubi goyon.

"Kina son ki gani da idonki?"

"In ana bari, Baba."

"Ana bari. Amma wannan hajiyar ba za ta shiga ba. Rinin nan ba abin wasa ba ne, fitilar ma ba ta jarirai ba ce. Iya, zo ki karɓi jikarki."

Iya ta jingine tsintsiya ta wanke hannu ta karɓe ta, tana cewa, "Zo nan, ƙawata, bar su su je su yi kallon duhunsu."

Ya ba ni safar hannu, ya zaunar da ni a kan kujera mara baya, ya rufe ƙofa. Ya nuna mini yankan da ba a rina ba, ya ce in riƙe kamanninsa a raina. Sannan ya sa nawa. Na ga wasu dunƙule-dunƙule masu ɗan haske, ya ce waɗannan DNA ɗin shukar ne na kanta, kowace shuka tana da su, in bar su. Ya ce in bi wasu dogayen layuka da ido. Na bi. Duhu ne daga farko har ƙarshe. Ya canza, ya sa na fagen shinge. Shi ma duhu.

"Baba, ba ka ce duhu lafiya ba ne?"

"Haka na ce."

Na miƙe har kujerar ta kusa faɗuwa. Hannuna ya riga ya kai kan waya, zan kira Baban yara in ce ya turo masu haƙa ramuka.

"Zauna tukuna, 'yata. Ba mu tambayi majinyaci ba."

Ya sa yanka na ƙarshe ya duƙa. Ya daɗe a duƙe. Ya juya wani abu a jikin madubin, ya sake juyawa. Ya tashi ya kunna fitilar ɗaki, ya fita, ya dawo da kwalbar a hannu yana jujjuya ta kamar mai duba fuskar yaron da ke zazzaɓi.

"Furen nan tun da nake da shi ban taɓa leƙa jijiyarsa na tarar da duhu ba. Yau na tarar. Ko dai ya warke, ko kuma rinina ne ya daina gani."

"To ya warke mana, Baba. Ciwo ba ya warkewa?"

"Wannan ba ya warkewa."

Ashe a lokacin hutu wuta ta ɗauke na tsawon kwanaki, firjin ya huce, rinin ya yi rauni. Bai mutu gaba ɗaya ba, shi ya sa manyan dunƙulen suke ɗan haske har mutum ya ɗauka komai daidai yake. Amma ƙananan ƙwayoyin cutar, waɗanda su ake nema, ya daina nuna su. Sabon rini kuwa daga nesa ake aiko shi, sai an jira makonni.

Makonni. Ni da saiwar dashena ta fara huda leda, damina kuma ba ta jiran kowa.

"Baba, don Allah. Idona fa ya gani. Duhu ne."

"Idonki ya ga duhu, gaskiya ne. Wanda aka ɗaure wa ido ma duhu yake gani."

"Ka rubuta mini kawai cewa ba ka ga komai ba. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "In na rubuta haka, me za ki yi gobe da safe?"

"Dashe."

"To kin gani. Ba ƙarya a bakina, amma ƙarya ce za ta isa gonarki. 'Ya'yanki nawa?"

"Biyu."

"Ba zan iya ba."

Da na fito fuskata ba daɗi, Iya ta miƙo mini yarinyar ta leƙa ɗakin. "Marini, me ka yi wa 'yar mutane? Ta shiga da fara'arta."

"Na hana ta murna, Iya."

"Aikinka ke nan ai. Allah ya shirye ka."

Da daddare ban kira Baban yara ba, sai da safe. Da na faɗa masa, ya ce, "Yanzu saboda wani fure da ko ci ba a yi za mu zauna damina ta wuce mu? Tsohon nan shi zai ciyar mini da yara?" Na ce masa ni ma na faɗi abin da ya fi haka a raina, amma na ga fuskar mutumin lokacin da ya ɗago daga madubin, kuma ba fuskar mai son wahalar da mutane ba ce. Ya ce, "Gonar a hannunki take. Yadda kika gani."

Abin da ban zata ba shi ne ranar hutunsa sai ga Baba a ƙofar gidanmu a kan tsohon babur, da naɗin raga a baya. Ba wanda ya aike shi. Ya sa na matsar da fagen shinge nesa da sauran, muka rufe kowanne da raga. Ya nuna mini ciyayin da ke bin shingen ya ce a nan ƙwarin suke ɓuya, in tuge su in ƙone. Ya koya mini yadda zan riƙa ɗaga ledojin ina datse saiwar da ta leƙo, don dashen ya iya jira bai kama ƙasa ba. Ko ruwan da na kawo masa a tsaye ya sha.

Da sabon rinin ya iso, shi ya kira ni da kansa. Wannan karon da majinyacin ya fara.

"Leƙa."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na gani ba, amma zan gwada. Layukan nan da na sani da duhu sun cika da ɗigo-ɗigon haske shuɗi mai ɗaukar ido, wasu a warwatse, wasu a taru kamar an watsa garin gilashi a cikin rariya. Kowane ɗigo abu ne mai rai, yana ci, yana hayayyafa, a cikin jijiyar ganyen da bai kai faɗin farcena ba. Ni da nake ganin na san shuka, tun ina yarinya hannuna a ƙasa yake, ashe bakin ƙofa kawai na sani. Na ji bakina yana tasbihi ban sa shi ba. Baba yana tsaye a bayana, ya ce a hankali, "Ni ma har yau haka nake ji."

Sannan ya ce, "Yanzu rini yana gani. Kawo naki."

Na fagen shinge ya yi haske. Bai kai na furen yawa ba, amma ga shi nan a inda bai kamata ba, a ganyen da makonni kaɗan baya na gani da duhu har na miƙe zan kira masu haƙa rami. Na tuna manyan bishiyoyin, na tuna yadda na riga na auna inda kowane dashe zai zauna a tsakaninsu.

Sauran fagagen duhu ne. Bai tsaya a ganye ɗaya ba. Ya yanko daga sama, daga tsakiya, daga wannan leda da waccan, don ya ce cutar ba ta cika jikin shuka bai-ɗaya, tana iya zama a wannan reshe ta bar wancan. Duka duhu. Duk da haka da zai sallame ni ga abin da ya ce: "Ban ce miki babu ba. Na ce ban gani ba a inda na duba, da rinin da na tabbatar yana gani. Ki dasa, amma ki sa musu ido kamar yadda kike sa wa wannan hajiyar." Dakta kuma ta aika ganyen fagen shinge wani babban ɗakin gwaji inda ake iya gane sunan ƙwayar, amsa ta dawo cewa ita ce.

Na ƙone fagen shinge da hannuna. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba, wata da watanni na yi ina ba su ruwa. Sauran na dasa a makare, ruwan sama ya ɗauke kafin su kama sosai, na yi ta jigilar bokiti da goyo a baya har kafaɗata ta sage. Wasu ba su tsira ba. Amma manyan bishiyoyin suna nan tsaye da 'ya'yansu, ƙananan da suka tsira sun kai ƙirjina, kuma ko ɗaya kansa bai tsuke ba. Da Baban yara ya dawo ya zagaya gonar, sai ya tsinko gwanda mafi girma ya ce in kai wa tsohon.

Baba, yanzu da kai nake.

Kai ne ka zauna shekaru a ɗakin da ba taga, kana duba abin da masu shi ba za su taɓa sanin ka duba ko ba ka duba ba. Da ka tsallake yanka na ƙarshen nan a ranar, wa zai kama ka? Ni da kaina zan fita ina yi maka addu'a. In gonar ta mutu bayan shekara, zan ce ƙaddara ce, ko in zargi iska, ko ƙasa, sunanka ba zai zo bakina ba. Kai ne ka zaɓi in fita ina jin haushinka. Kai ne ka tsaya a gaban uwa tana roƙonka da idonta cike da ƙwalla, ka ce kayan aikinka ne suka gaza, ba ka ɓoye ba, ba ka ɗora wa kowa ba. Mai ido a cikin duhu, ban san wani kirari da ya fi wannan dacewa da kai ba, kuma na san ko shi ɗin za ka ce ya yi yawa.

Tun daga lokacin, duk sanda na kai yaro asibiti aka ɗebi jininsa, aka dawo aka ce mini ba a ga komai ba, sai in tsinci kaina ina kallon fuskar mai gwajin. Ba zarginsa nake ba. Addu'a nake Allah ya sa irinka ne. Mu iyaye ba mu da yadda za mu yi mu leƙa bayan ƙofofin nan. Mai gwada jini, mai gwada ruwan da muke sha, mai duba birkin motar da mijina yake tuƙawa, duk abin da suka ce mana shi muke ɗauka mu tafi gida mu kwanta a kai. Saboda haka ina roƙon duk wanda aikinsa ne ya duba ya ce akwai ko babu, kafin ya ce babu, ya fara tabbatar da cewa abin dubawarsa yana gani. In ya tarar ba ya gani, ya faɗa, ko da wanda ke gabansa zai ɓata rai. Ɓacin ran kwana nawa ne. Matasan da za su gaji ɗakin nan kuma, ku tsaya kusa da shi a 'yan kwanakin da suka rage, ku kalli hannunsa, ku tambaye shi har ya gaji da ku.

Allah ya ba ka hutu mai daɗi, Baba, ya ƙara wa idanun nan lafiya, ya sa 'ya'yanka da jikokinka su faɗa hannun masu gaskiya a duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa. Mutane da yawa sun faranta mini rai a rayuwa, na gode musu na manta. Kai kuwa murna ka hana ni rana guda, kuma albarkacin wannan hanin yarana suke cin abinci har yau. Na gode.